Kainuwar da Na Kai wa Ƙanena

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukan Faskari ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami "kai yaro" yake ce mini, da na zama malamin makaranta sai ya koma "Malam", shi ke nan. Bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, bai taɓa wasa da ni ba, in an yabe ni a gabansa sai ya kau da kai ya ɗauko zancen shanu. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ni ma na sani, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Ƙanena kuwa, autan maza, a wuyan Baba ya girma. Da shi ake raha, shi ake saya wa alewa ranar kasuwa, shi ne in ya yi ɓarna Baba zai ɗaga tsumagiya dariya ta ƙwace masa.

Abu ɗaya nake da shi wanda ƙanena ba shi da shi, wato ranar Juma'a. Tun da aka ba ni aji a Faskari na kama gida a cikin gari, Baba ya mai da gidana masauki. Zai taso daga ƙauye da hantsi a kan kekensa, mu tafi masallaci tare, shi a gaba ni a baya, in an sauko mu dawo zaurena. Matata ta aiko da fura mai sanyi da tuwon dawa. Mu ci, mu sha, mu zauna har la'asar. Ba wata hira muke yi ba. Ya ce ruwa ya yi ƙaranci a gabas da gari, in ce haka ne. Ya ce audugar bana ta fi ta bara, in ce Allah ya sa albarka. Wani lokaci ma gyangyaɗi yake yi, ni ina kore masa ƙuda da littafin darasi. Wannan zaman shirun shi ne rabona daga Baba, kuma ina ji da shi fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai ga shekarun nan da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan, aka wayi gari kowa ya zama ɗan kwangila. Gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, ga shi babu azuzuwa, sai aka shiga rabon aikin gini kamar ana rabon goron suna. Ƙanena, wanda da ƙyar na tura shi ya kai aji biyar kafin ya gudu ya koma bin motocin auduga, shi ma ya samu nasa. Cikin damina biyu ya sayi a-kori-kura, ya koma Ƙanƙara, ya gina gidan siminti mai falo da kujerun kushin da injin wuta. Ni kuwa ina nan da allina da ɗan babur ɗina, ina koyarwa cikin ajin da shi ya gina, ina bin bangon da ido ko zan ga tsaga. Abin haushi ban gani ba, ginin ya yi kyau.

Duk wannan na haɗiye shi. In na ce bai taɓa ni ba na yi ƙarya, amma bai hana ni barci ba. Abin da ya hana ni sukuni wani akwatin gilashi ne da ya dawo da shi daga wata tafiya da ya yi Kaduna. Tsawonsa ya kai teburin malami a aji. Aka kafa shi a falo, aka shimfiɗa tsakuwa a ƙasansa, aka cika shi da ruwa, aka dasa wasu ciyayi na ruwa masu laushi, sannan aka zuba 'yan kifaye. Ba kifin ci ba ne. Duk in ka haɗa su ba za su yi miyar mutum ɗaya ba. Ƙanana ne, ba su wuce ɗan yatsa ba, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, wasu da jela mai bazuwa. Aikinsu kawai su yi ta kai da kawowa, a zuba musu abinci, a zauna ana kallonsu. Da na fara jin labari na ce lalle kuɗi sun yi wa yaron nan yawa har sun fara taɓa masa kai.

Ranar da na je na gani da idona, na ƙudura ba zan nuna abin ya burge ni ba, na tsaya daga nesa ina cewa, "To, ba laifi." Shi kuwa sai rawar jiki yake, ya kama hannuna ya ja ni bayan gida. Can kusa da rijiya akwai bokitai uku a jere, kowanne da ciyawar ruwa a ciki. Ya ce mai kantin da ya sayar masa da akwatin ya ja masa kunne a kan abu ɗaya, wato dodon koɗi, irin ƙananan nan na ruwa da ba su wuce ƙwayar masara ba. Ba da ƙafarsu suke shiga akwati ba, ƙwansu ne ke zuwa manne a jikin sabuwar ciyawa. Saboda haka ya kafa wa kansa doka. Duk ciyawar da za ta shiga, sai ya duba ta ganye bayan ganye, ya jiƙa ta kwana biyu cikin ruwan alimun, wannan dai da mata ke jefawa a tulu in ruwa ya yi gurɓi, ya ɗauraye ta, sannan ta yi mako uku cikin bokitin ruwa mai kyau yana leƙa ta kullum. In ba abin da ya ƙyanƙyashe, to ta ci jarrabawa.

Ya tsamo wani ganye ya juya mini bayansa. Akwai wani abu mai yauƙi kamar majina, da ɗigo-ɗigo a cikinsa.

"Yaya, ka ga wanga? Ƙwai ne. Guda in ya shiga, to an gama. Wata biyu sai ka ishe gilashin ya ruhe."

Na ce, "Ni za ka koya ma ƙwan katantanwa? Ni da nike koyar da shi aji shidda?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai shi ya sa na nuna maka, Yaya. Kai kaɗai ka san darajar abin."

Da gaskiya ya faɗa, ba da gatse ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Yaron da na sha dukansa kafin ya iya rubuta sunansa, yau shi ke tsaye yana yi mini darasi a kan bokiti.

Ba a yi mako biyu ba ya aika mota ta ɗauko Baba, wai ya zo ya sa wa akwatin albarka. Ina wurin ranar. Baba ya ƙi hawa kushin, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa gaban gilashin, ya tanƙwashe ƙafa, ya zuba ido. Na ɗauka zai yi tsaki ya ce almubazzaranci ne, har na shirya fuskar da zan taya shi da ita. Sai na ji dariya. Baba ne ke dariya har da buga cinya, wai wani ja mai ƙaton ciki ya kori 'yan uwansa daga abinci. Nan take ya raɗa masa suna sarkin kwaɗayi. Wani mai tafiya a hankali ya zama mai gari, wata mai dogon jela ta zama amarya. Kafin la'asar ya san kowanne da halinsa, yana yi musu magana, yana yi musu faɗa. A wuni ɗaya ya yi wa kifayen nan maganar da bai yi mini ba a shekara.

Juma'ar da ta biyo baya na share zaure, matata ta dama fura, na zauna jiran ƙarar keke. Har aka yi kiran salla bai zo ba. A masallaci wani ɗan ƙauyenmu ya gaya mini motar ƙanena ta zo da safe ta tafi da Baba, can Ƙanƙara zai yi Juma'a. Na ce madalla. Ta gaba ma haka. Ta ukun ya biyo ta wurina, amma a tsaye, ko buzu bai sauke ba, ya ce mai gari ba ya cin abinci sosai, bari ya je ya duba shi. Daga nan Juma'a ta bar gidana. Ni kuma na ƙi daina share zauren, na ƙi cewa a daina dama fura, sai in zauna ni kaɗai ina fushi da duk wanda ya yi sallama.

Wata rana matata ta leƙo ta ɗauki ƙwaryar furar da ba a taɓa ba, ta dube ni ta ce, "Malam, wai kishi kake da kihi?"

Na daka mata tsawa har kaji suka watse. Ba don komai ba sai don gaskiya ta faɗa. Kishi nake, yanzu ba na ɓoyewa. Ba motar ba, ba gidan ba, ba injin wutar ba. Yaron nan ya samu wuyan Baba, ya samu dariyarsa tun yana goye, bai ishe shi ba, sai da ya je Kaduna ya sayo abin da zai ƙwace mini ɗan wuni guda da ya rage mini. Haka na riƙa lissafa abin a raina, ko da yake na san shi bai ma san yana ƙwace mini komai ba.

Wajen ƙarshen damina aka tura ni Sabuwa in tsare jarrabawa a wata makaranta. A hanyar dawowa, ranar Alhamis, na tsaya bakin wani kududdufi in wanke taɓon da ya ɓata mini ƙafa, injin babur kuma ya huce. Kainuwa ta rufe ruwan shar, kowace ta buɗe ganye, saiwarta na lilo a ƙasa. Na tsaya ina kallo, sai zuciyata ta ce, dubi abin da wancan ke zuwa Kaduna saye, ga wanda ya fi shi kyau a bakin hanya awaki na sha ta gefensa. Tunanina na farko ke nan, kuma ba mugu ba ne sosai. So nake in kai masa kyauta, Baba ya ga cewa ni ma na iya kawo abin da zai ƙawata akwatin, ba tare da na je ko'ina ba.

Akwai wani babban gwangwani da nake ɗaurewa a bayan babur don ruwa. Na cika shi, na tsinko kainuwa biyar masu kyau. Ina saka ta biyun sai hannuna ya juya ganye, da ma ɗabi'ar malami ce, sai ya duba bayan takarda. Ga su nan, dunƙule uku na yauƙin nan mai ɗigo-ɗigo. Babban yatsana yana daidai kansu. Shafa ɗaya ta isa, ko in jefar da wannan in tsinki wata. Na daɗe a tsugune har ƙafata ta yi sanyi. Ban shafa ba, ban jefar ba, na saka ta cikin gwangwanin na ɗaure.

A hanya na riƙa wanke kaina. Na ce ai yana da dokarsa, zai jiƙa ta a alimun, ƙwan zai mutu, ba abin da zai faru. Amma da a ce da gaske nake, da sai in kai masa ranar Asabar, ko in aika. Ni kuwa Juma'a na zaɓa, kuma bayan an sauko daga masallaci, lokacin da na tabbata Baba na zaune gaban gilashi. Na san abin da nake yi, ƙin duban sa kawai na yi.

Na same su yadda na zata. Baba a kan buzu, ƙanena a gefensa yana miƙa masa abincin kifi cikin murfin kwalba. Na gaishe da Baba, ya amsa idonsa na kan amarya. Na ajiye gwangwanin na ce ga 'yar tsaraba daga Sabuwa. Ƙanena ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, fuskarsa ta washe.

"Kai Yaya, har da wahala haka? Allah shi saka da alheri. Wallahi ta yi kyau."

Ya miƙe da gwangwanin ya nufi ƙofar bayan gida. Na ce, "Ina kuma za ka kai ta?"

"Bokiti, Yaya. Kwana kaɗan ne."

Sai na yi dariya, irin wadda ake yi don na gefe ya ji, na ce, "Au, ashe abin hannunmu sai an wanke shi da alimun kahin shi shiga ɗakin masu kuɗɗi. Ai da ka hwaɗa mani, da ni ma na yi wanka da alimun ɗin kahin in shigo."

Baba ya juyo. Tun da na shigo sai lokacin ya ɗauke ido daga kifi. Ya kira sunan ƙanena da wata murya da ban taɓa jin ya kira shi da ita ba.

"Dawo nan. Yayanka ya ɗauko maka abu tun daga Sabuwa bisa babur, cikin taɓon ga, kai kau ka ce sai ka jiƙa shi bayan gida wurin wanke-wanke? Mi ka ɗauke shi? Don ka ga ka yi mota?"

"Baba, ba haka ba ne, dokar abin ce..."

"Dokar wa? Gidan ga akwai dokar da ta hi yayanka? Sa ta ciki, ina gani."

Ƙanena ya dawo. Ya tsamo kainuwar ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa a kan ruwa. Da ya zo ta biyu ya ɗan juya ganyen, ya tsaya, ya ɗago ya dube ni, dubawa ɗaya. Ni kuwa na mai da idona kan silin. Ya ɗora ta ita ma. Kifayen suka taru a ƙarƙashin saiwoyin suna tsattsaga, Baba ya ce, "Ka gani? Su ma sun san abin kirki."

Ba zan ɓoye daɗin da na ji ba. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa shigar mini faɗa ba, yau ya tsawata wa autansa saboda ni, a gabana. Na hau babur na koma Faskari ina waƙa a hanya, abin da ban taɓa yi ba. Matata ta tambaye ni ko ƙarin girma aka yi mini, na ce ta dai kawo abinci.

Mako biyu ba abin da ya faru. Har na fara cewa ƙila ƙwan bai yi ba, kuma, Allah ya yafe mini, na ji kamar an ɗan cuce ni. A mako na huɗu wasu ɗigo suka bayyana a jikin gilashi, ƙanana kamar gero. Ƙanena ya tsince su. Washegari wasu suka fito. Kafin a gama girbin dawa abin ya wuce tsinta. Suna kan gilashi, suna cikin tsakuwa, suna jikin kowane ganye. Ciyayin nan masu laushi da aka sha wahalar jiƙawa da jira, suka mai da su tsumma. Ruwan ya yi duhu, ya fara wari. Matar ƙanena ta ji an ce irin wannan katantanwa ce ke kawo tsargiya, ta hana 'ya'yanta kusantar akwatin, ta ce a fitar mata da shi daga falo. Sannan kifayen suka fara mutuwa ɗaya-ɗaya. Mai gari ne ya fara, aka same shi ya juya ciki sama a gindin kainuwa.

Abin da nake jira ke nan, ai. Na ɗauka in akwatin ya lalace Baba zai rasa abin kallo, keke ya dawo ƙofar gidana. Na ma sa an sake yaɓe zauren. Sai labari ya iso ni cewa Baba ya je Juma'a Ƙanƙara bai koma ƙauye ba. Ya aika an kwaso masa tufafinsa da butarsa, ya bar wa 'ya'yan ƙanensa ragowar aikin gona. Wai ya ce shi ya hana a jiƙa kainuwar, saboda haka shi zai tsince abin da ta kawo. Da ina rasa shi rana ɗaya a mako, yanzu na tura shi can gaba ɗaya da hannuna.

Juma'a uku na ƙi zuwa. Ta huɗun na kasa daurewa, na tafi. Ban shiga falo ba, na zaga ta bayan gida, na sami ƙanena tsugune bakin rijiya, ya zube rabin tsakuwar akwatin a daro yana kwarara mata tafasasshen ruwa. Ya rame. Muka gaisa, na tsaya a kansa ina neman abin faɗa.

Na ce, "Ashe abin ya yi yawa haka."

Ya ce, "Ya yi, Yaya."

Ya ci gaba da juya tsakuwar da muciya. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na gan su hwa, ranar. Ukku ne, bayan ganyen ta biyu."

Na ce, "To mi ya sa ka sa ta?"

"Gaban Baba zan kunyata ka? Na ce in kun tahi in tsame ta. Sai Baba ya ce nan zai kwana, shina son kallon su cikin saiwa. Da sahe na goge waɗanda na gani, ashe akwai wasu cikin saiwar. Kuma ya hana a hidda ta, wai kyautarka ce."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai tambaye ni ko ni na gani ba. Da ma ya tambaya, da ma ya zage ni, da na samu abin kamawa in yi fushi, don fushi na iya shi. Sai ya ce in shiga, Baba na ciki da baƙo.

Baƙon wani Alhaji ne maƙwabci, tsaran Baba, mutum mai barkwanci da ba ya tauna magana. Yana kan kushin yana jan carbi. Baba kuwa yana durƙushe gaban akwatin, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, hannunsa na dama cikin ruwa, na hagu riƙe da gwangwanin madara. Sanyi ya riga ya shigo. Fatar yatsunsa ta yi fari ta yamutse, wasu wuraren ta tsage. Yana bin gilashin a hankali da farce, ya ɓamɓaro ɗaya, ya jefa a gwangwani, ya koma. Kifaye huɗu suka rage. Ba ya yi musu magana kuma.

Na durƙusa na gaishe su. Alhajin ya nuna ni da carbi yana dariya.

"A'a, ga mai kainuwa nan ya iso. Malam, kai da kake koya ma ɗiyanmu ilimi, ba ka san ciyawar kududduhi ba ta rabo da ƙazanta ba? Ko kau da gayya ka yi, don ka ga ƙanenka ya hi ka kayan kallo?"

Wasa yake yi, irin na manya da 'ya'yan abokansu, amma ni sai na ji kamar an yaye mini riga a kasuwa. Ƙanena ya shigo daidai lokacin, ya tsaya bakin ƙofa da daro a hannu. Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba. Baba ya riga ni. Ya zaro hannunsa daga ruwa, ya juya ya fuskanci Alhajin sosai.

"A'a, Alhaji, kada ka sake hwaɗin haka, ko da wasa. Wanga da kake gani, tun shina yaro ban taɓa ishe shi da mugun abu ba. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ban taɓa jin ya cuci wani ba. Duk ɗiyana babu mai tsarkin zuciyarshi. In da ya ga wani abu jikin ganyen nan, wallahi da bai kawo shi ba. Laihina ne, ni na hana a jiƙa."

Alhajin ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, wasa nike." Ƙanena ya sunkuyar da kai yana duban tsakuwar cikin daro, kuma har yau bai taɓa tona zancen ba.

Shekara talatin da 'yan kai ina jiran in ji Baba ya faɗi alheri ɗaya a kaina da bakinsa, a gaban mutane. Ranar ya karya kunyarsa ya faɗa, har da rantsuwa, kuma a kan abin da na san ba haka yake ba. Maganar tana nan a bakina, in ce Baba na gani, yatsana na kansu. In na faɗa, na ƙwace masa abin da ya rantse a kai, na kuma rasa kalmomin nan da ban gama ji ba. Tsoro da kwaɗayi suka haɗu suka rufe mini baki. Bai sake yin Juma'a a Faskari ba, a gidan nan na Ƙanƙara ya zauna har Allah ya karɓi abinsa, kuma da wannan zaton ya tafi.

A ranar dai, Baba ya juya ga akwatin zai mai da hannu cikin ruwa, sai ya tsaya yana murza yatsu. Ya miƙo mini gwangwanin ta gefe, ba tare da ya dube ni ba.

"Riƙe mani, Malam, hannuna ya ƙage."

Na matsa kusa da shi na riƙe. Ya ci gaba da ɓamɓaro su ɗaya-ɗaya yana jefowa, ni ina tarewa.